Abin da Ruwa Ya Ci

Zuwaira ta dawo daga makaranta fuska a murtuke,
ta wurga ƙamus a kan tabarma.
"Baba, Ingilishi ba shi da gaskiya.
Kalma guda, baƙi uku kacal,
ta cinye shafi biyu da rabi.
Nan samu ce, can isa wuri, can kuma ganewa,
ka liƙa mata wutsiya ta koma tashi daga barci.
Ko Faransanci bai yi mini haka ba."

Na ajiye tarun da nake ɗinki.
Na ce, me kika ce ta yi wa shafin?
Ta ce, "Ta cinye."
Na ce, da wane baki?

Zauna, 'yar nan.
Taki ta gida baƙi biyu ce, ta fi tasu ƙanƙanta,
ba wanda ya taɓa ba ki haddarta.

Cin rani ya kawo kakanki Garwa,
ya ci arba'in, bai ƙoshi ba, bai koma ba.
Duk Lahadi uwarki kan ci kasuwar Pitowa,
ta dawo, rumfuna na nan, ko ɗaya ba ta tauna ba.
Na ci bashi na sayi injin jirgi,
bashin ya juyo ya ci ni shekara uku.
Jandarma ya tare ni a bakin gada zai ci ni tara,
na dunƙule masa sefa dubu, ya ci hanci,
ga hancin nan a fuskata, taɓa ki ji.

Dariya ta ci ƙarfinta.
Ta shiga ƙirga da yatsu:
"Takalmin Sallah ya ci mini dunduniya.
Goggo Dudu ta ci ado, ta ci karo da akuya.
Jiya an ci ajinmu biyu a filin ƙwallo.
Wuta ta ci rumfar mai gyaran rediyo."
Yatsu suka ƙare, ta koma farko.

Can ta tsaya.
"Baffa Sahabi fa?
Na ji mata suna faɗa a gidan suna."

Ban so ta biyo ta nan ba.

Watan Agusta ne, Binuwai ya cika ya batse,
ja wur kamar kunun kanwa.
Jirgina mutum takwas yake ci.
Na ɗauki sha biyu, da buhun gyaɗa huɗu,
don magariba ta gabato, kuma kuɗin inji na jira.
Ci da zuci, in kina neman sunansa.
Sahabi na gaba riƙe da gora.
Ya fid da mace biyu da yaro guda,
ya koma neman na huɗu.

Ruwa ya ci Sahabi.
Duk cikin ci ɗin da na lissafa miki
wannan ne kaɗai mai haƙora.
Inna ba ta taɓa cewa na ci amana ba.
Da ta faɗa, da ya fi mini sauƙi.
Har ta rasu, ni take fara zuba wa miya.

Muka yi shiru.
Wani babur ya wuce a lungu,
wata dorina ta yi gurnani can ƙasan gada.

Zuwaira ta jawo ƙamus, ta share bangonsa da gefen hijabi,
ta nemo shafin, ta ɗora yatsa.
"Jarrabawar ranar Litinin ce, Baba."
Na ce, to, ki ci ta, kar ki rage ko loma.
Ta ce, "In ta ci tura fa?"
Na ce, sai ki ci gaba.

Daga madafa uwarta ta ɗaga murya:
"Tuwo na hucewa!
Wai ba za ku zo ku ci ba ne?"